Shekara huɗu ba ta jiran fayil ɗinka

Na samu gurbin binciken bayan digiri na uku a Jamus, alhamdulillah, amma har yau in na tuna yadda ya kusa kuɓuce mini sai raina ya sosu.

Tallafin Georg Forster ne na gidauniyar Alexander von Humboldt, wanda ake ba masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, daga wata 6 zuwa 24. Fannina ilimin sinadarai ne, ɓangaren tace ruwan sha. Cike takardun neman bai ba ni wuya ba. Matsalar tana cikin sharaɗi ɗaya: kada ka wuce shekara 4 da kammala digiri na uku, in ka wuce sai dai ka shiga layin manyan masu bincike, inda ake son tarin maƙaloli da ba ni da su.

Ni kuwa da na dawo gida da digirina, sai aka ɗora mini kwasa-kwasai da aikin jami'in jarrabawa. Duk sanda na tayar da zancen fita sai shugaban sashe ya ce, "Dakta, ka dai zauna tukuna ka huta, ina gaggawar take?" Hutu kuwa, ina tsakiyar tulin takardun ɗalibai ina maki da fitilar waya. Shekara uku suka tafi a haka, ɗakin gwaje-gwajenmu ko tataccen ruwa babu.

Ga kuma neman mai masauki. Babu farfesan da zai karɓe ka a can, babu maganar tallafi. Wasiƙun da na aika ina yabon jami'o'insu ba wanda ya tanka. Wanda ya amsa shi ne wanda na ce masa na karanta aikinsa kan cire sinadarin fuloraid daga ruwa, kuma ina da samfurin ruwan burtsatse daga ƙauyukanmu da zan zo da shi. Nan take ya nemi mu yi magana ta bidiyo.

Na tura takarduna saura 'yan watanni wa'adin ya cika. Bayan an ce na yi nasara ma, sai takardar izinin tafiya ta maƙale. Kullum na leƙa ofis, amsar ɗaya ce: "Yana kan teburin oga."

Ƙannena da ke kare digiri yanzu, ku fara lissafi daga ranar da kuka kare, ba ranar da sashe ya ga dama ba. Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai yana ba da wa'adin har shekara 8 bayan kammala digiri na uku, sai dai kada ya zama ka riga ka zauna a ƙasar da za ka fiye da wata 12 cikin shekara 3 da suka gabata. JSPS, hukumar bunƙasa kimiyya ta Japan, wa'adinta shekara 6 ne. Akwai kuma TWAS, cibiyar kimiyya ta duniya da ke Tiriyeste a Italiya, mai tura mutane ƙasashe irin su Indiya da Birazil. Kowanne da agogonsa, kuma babu wanda zai tambaye ka takardun ɗalibai nawa ka yi wa maki.