Shekarar da Na Yi Ina Danne Muryoyin Abokan Waƙata

Na shiga ƙungiyar mawaƙa da tunanin cewa gwani shi ne wanda muryarsa ta fi ta kowa fitowa, kuma sai da na yi kusan shekara guda kafin in rabu da wannan tunani. Cikin kashi 4 da aka saba raba muryoyi, wato sofrano da alto da teno da bas (daga mafi siririyar murya zuwa mafi kauri), an ajiye ni a teno, na kuwa riƙa buɗe maƙogwaro iya ƙarfina, har ranar da jagoranmu ya naɗi atisayenmu a waya ya kunna mana. Muryata ce kaɗai ta yi tsini a tsakiya, sauran suna can baya kamar 'yan rakiya. Babu wanda ya ce uffan, amma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙannena, mutum ba ya jin muryarsa yadda wasu suke jin ta, domin wani ɓangare na sautin yana isa kunnensa ne ta ƙasusuwan kansa. Saboda haka ku riƙa naɗar atisayenku kuna saurare, ko da abin zai yi muku ɗaci. Idan kuna rerawa ba ku jin wanda yake kafaɗa da kafaɗa da ku, to kun yi ƙarfi, sai ku sassauta.

Kuskuren da ya fi ba ni wahala shi ne na wasula, kuma a ganina shi aka fi rainawa. Ni da maƙwabcina muna iya tsayawa a kan sauti guda, amma ni na wangale baki a kan "a", shi kuma ya zagaye leɓɓansa har tasa ta kusa zama "o", sai muryoyin su ƙi haɗuwa. Mun gyara ne ta hanyar fuskantar juna, muna jan wasali ɗaya na tsawon numfashi, kowa yana kallon bakin ɗan'uwansa. A nan na fara jin wata 'yar rawa da sauti yake yi idan muryoyi biyu sun kusa daidaita amma da saura, rawar tana raguwa yayin da muke matsowa, har ta ɗauke ɗif.

Akwai kuma zamewa zuwa babban karin waƙar, wanda ya sha ɗauke mini hankali har in bar layina, wato ɓangaren da aka ba ni in rera, ban sani ba. Maganinsa shi ne ku haddace naku layin ku kaɗai tukuna, sannan ku kunna babban karin a waya ku rera naku a kansa, kuna ƙara masa ƙarfi kaɗan-kaɗan har ya daina ɗauke muku hankali.