Ashe ba sanyi ba ne

Shekara uku ina shan maganin sanyi. Duk wadda na kai wa kukan ciwon mara, amsarta ɗaya: sanyi ne ya yi miki yawa. Na sha jiƙo, na sha na kemis, na zauna a ruwan bagaruwa har na gaji.

Da can al'adata kwana biyar ce. Bayan an ciro min auta ta tiyata sai ta koma tara, goma, da gudaje kamar hanta. Audugar mata ba ta kai min awa biyu. Ran nan a gidan biki ina tashi daga kujerar roba, wata baiwar Allah ta yafa min mayafinta ta baya, ta raɗa min, "Yaya, mu bi ta nan." Daga ranar na bar zuwa taro in kwanakin sun matso.

Da na je asibiti, a hoton farko aka ce ƙari ne a mahaifa, fayibiroid. Na biyu, wanda ake ɗauka ta gaba, shi ya fito da sunan: adenomayosis. Likitar ta zana min a bayan kati. Shimfiɗar cikin mahaifa, wadda take zubewa duk wata, ita ce ta kutsa cikin naman bangon. A can ma tana kumbura tana jini, ga shi babu mafita. Shi ya sa mahaifar ta girma, siket ya daina rufuwa, har maƙwabta suna min kallon mai ƙaramin ciki. Ta ce an fi gano shi ga masu shekara 40 zuwa 50 da suka haihu, kuma yana lafawa in al'ada ta ɗauke. Ni 41 gare ni, da sauran tafiya.

Mun fara da tranexamic acid, maganin rage zubar jini, a kwanakin al'ada, mefenamic acid don ciwon, da ƙwayar ƙarin jini, don ko tsakar gida na share sai haki. Da abin bai isa ba aka sa min robar Mirena, mai sakin sinadari kaɗan-kaɗan a cikin mahaifa. Watannin farko ɗigo ya hana ni sakat, sai da na je wurin malamarmu ta Islamiyya ta warware min haila da istihala. Yanzu kwana uku, shi ke nan.

Cire mahaifa ne ke raba mutum da ciwon nan gaba ɗaya. Da na faɗa wa Hajiya, salati ta saka. Maigida ya ce jikina ne, in duba. Na ce su bar ni da robar tukuna, zan koma asibiti bayan Sallah.