Daga Garba Chede zuwa Gembu a Kan Babur ɗin da Nake Shirin Sayarwa

Magungunan dabbobi nake sayarwa, kuma kasuwannin da nake ci tsakanin Garba Chede, Maihula da Bali duk a kan babur nake zuwa. Ƙaramin babur ne mai inji 100cc da giya huɗu, irin wanda ya cika ƙauyukanmu. Ya yi mini hidima shekaru, inji bai taɓa ba ni kunya ba. Amma tun tsakiyar daminar da ta wuce zamansa ya canza. In na faɗa ƙaramin rami sai in ji bugun har tsakar kaina, bayansa ya yi ta lilo kafin ya natsu, in na shiga kwana da ɗan gudu kuma sai kan ya nemi ƙwacewa daga hannuna. Da dare ƙuguna ba ya barina in yi barci. Abokan kasuwa kowa da shawararsa, amma maganar ɗaya ce: babur ya gaji, sayar ka yi ciko ka ɗauko babba.

Ciko kuwa ba wasa ba ne yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa, kuɗin sabon babur ya ninka abin da muka sani. Abin da zan ɗora a kan kuɗin tsohon zai cinye rabin jarina. Ina cikin wannan wasi-wasi Yayana da ke koyarwa a Gembu ya aiko cewa an yi masa haihuwa. Sai na ce to, ga hanyar da za ta raba gardama. Babur ɗin da ya hau tsaunin Mambila ya sauko, duk abin da ke jikinsa na kirki da na banza zai fito fili.

Na tashi bayan sallar asuba, damina tana bankwana, ciyawa har yanzu shar. Na ɗaure jakar kaya da ɗan buhun shinkafa na maijego a kan kariya, can baya. Kafin in fita gari na tsaya wajen mai faci ya ƙara mini iska, ya cika tayoyin tam, ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya ce sun yi.

Daga nan zuwa Bali kwalta ce, amma kwaltar da manyan motocin katako da na shanu suka gama da ita. Wani wuri sumul, wani wuri an kwashe ta ƙasa ta fito, wani wuri kuma gargada ce mai layi-layi, wadda ta fi rami cutarwa don ba ka da inda za ka kauce. A irin wannan wuri hannuwana suka mutu, madubi ya daina nuna komai sai rawa. Na wuce Mayo Kam, na isa Bali, garin da ke bakin kogin Taraba, na sauka in sha shayi, sai da na dafa benci kafin in iya miƙe bayana. A lokacin na riga na yanke hukunci a raina: ina dawowa zan rabu da shi.

Tsakanin Bali da Serti daji ya fi kauri, ƙauyuka sun fi nisa da juna, tsaunuka kuma suka fara leƙowa daga gabas. Bayan Jamtari ne abin ya ba ni tsoro na gaske. Wata kwana ce a gangare, da yashi a bakin kwalta. Na taɓa birkin gaba kaɗan, sai gaban babur ya nutse gaba ɗaya har na ji ƙarfe ya daki ƙarfe, baya kuma ya wulla gefe. Allah ya tsare, na tokare da ƙafa. Na tsaya a gefen hanya ina ta salati har bugun zuciyata ya lafa. Da irin wannan kan, hawan da ke gabana ba abin da za a yi wa ganganci ba ne.

Serti ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Gashaka, nan ne kuma ƙofar gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1991, mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Baƙi na zuwa don ganin birai da namun dawa, ni kuwa bakanike nake nema. Aka nuna mini wani dattijo a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, yaransa biyu suna wanke kafireto. Na gaya masa damuwata, na ƙara da cewa ina so kawai ya lallaɓa mini shi ya kai ni Gembu, don sayarwa zan yi.

Bai ce komai ba. Ya danna bayan babur da hannu biyu ya saki, muka ga ya tashi ya sauka ya sake tashi. Ya sa yatsa a jikin shokozoba ya nuna mini baƙin maiƙon da ƙura ta manne a kai.

"Malam, sifirin kaɗai kake hawa," in ji shi. "Man ciki ya tsiyaye tuntuni."

Sai ya yi mini bayanin da ban taɓa samu ba a duk shekarun da nake tuƙi. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, amma shi ba ya san tsayawa, in ka matsa shi zai yi ta tsalle. Man da ke cikin bututun, wanda ke bi ta ƙananan kafofi, shi ke riƙe wannan tsallen. In man ya ƙare, taya ba ta zama a ƙasa, tana tashi tana sauka, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki, ba ta jin kwana. Wato ciwon baya da ƙwacewar kai uwarsu ɗaya.

Ya ɗora babur a kan babbar jaka, ya sa yaro ya danne baya har tayar gaba ta tashi, ya ce in juya kan a hankali. Daidai tsakiya na ji ya ɗan maƙale, kamar ya faɗa gurbi. Boris ɗin wuya ne ya ci, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da kan ke juyawa a kansu. Ya kama tayar baya ya girgiza ta hagu da dama, ta motsa, bushin ƙarfen da ke riƙe da ita ya mutu. Da ya kwance shokozoban gaba, abin da ya zubo daga ɓangare ɗaya ruwa ne baƙi mai wari, ɗayan kuwa kusan babu komai. Na ce, "Baba, ashe wannan ma ana canza masa mai?" Ya ce ana canzawa mana, sai dai mutanenmu baƙin man inji kawai suka sani.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar iska. Ya ɗauko geji ya auna, tayoyin duka sun haura ƙa'ida nesa. Yawancin waɗannan ƙananan babura ana son geji ya nuna kimanin 25 a gaba, 28 a baya, a kai 32 in akwai goyo ko kaya. Masu faci da yawa ba su da geji, da kunne suke aunawa, mu kuma muna son a cika don muna ganin ya fi gudu ya fi rage shan mai. Taya kuwa ita ce ta fara karɓar bugun hanya kafin ya kai ga shokozoba. In ta zama dutse, ƙashin bayanka ne zai biya. Wannan gyara ne da ba a biyan ko sisi, kuma ina ganin rabin masu kukan ciwon baya a kasuwanninmu da shi za su fara samun sauƙi.

Na kwana a Serti. Aka sa sabon shokozoba na baya, sabon boris, bushi, da sabon mai da robar da ke tare shi a shokozoban gaba. Duk kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na cikon da ake nema a wurina ba. Da safe dattijon da kansa ya kwance kayana, ya matso da buhun gaba har ya hau kujerar goyo, ya ce nauyin da ya wuce tsakiyar tayar baya ɗaga gaba yake yi, a hawa kuma nan ne mutum ke kifewa ta baya. Ya murɗa matakin sifirin ya ƙara masa tauri daidai kayan. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. In za ka sauko, kada ka kashe inji."

A Mayo Selbe ƙasa ke ƙarewa, dutse ya miƙe a gabanka. Hanyar tana nannaɗe da jikin tsauni, kwana bayan kwana, hagu dutse, dama rami mai zurfin da ba ka son kallo. Wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi shi ne direbobi ke ambata da girmamawa. Na ga babbar mota tana rarrafe, yaron mota na biye da ita a ƙasa riƙe da waji. A nan na san gyaran ya yi. Babur ya bi inda na nufa, ba gardama. In na kwanta a kwana sai ya kwanta da ni, in na taka dutse sai ya haɗiye bugun sau ɗaya ya wuce. Tsoron da na kwana da shi ya sake ni, har na sami sukunin duba kwarin da na baro, kore har iyakar gani.

Sai dai dutsen ya nuna mini wani abin da bakanike ba zai iya gyarawa ba. Inji ya fara haki. Giya biyu, wani wuri giya ɗaya, totur a buɗe har maƙura amma tafiyar kamar ta mai ƙafa. Tudun Mambila yana kusan mita 1,600 sama da teku, iskar can ba ta da kauri, kuma inji irin wannan yakan rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa a wannan tsayi. Wanda dama ƙarfinsa kaɗan ne, in aka cire wannan me ya rage? Na tsaya ya huce, na sa rigar sanyi, na ci gaba.

Da ka kai Maisamari duniya ta canza. Tuddai ne masu santsi lulluɓe da ciyawa, shanu jajaye da farare a warwatse, layukan bishiyar turare, hazo yana bin ƙasa da rana tsaka. A Nguroje na ci abinci, mata na sayar da fiya da ayaba da dankalin Turawa a bakin hanya, Fulatanci ne ke tashi ko'ina, ko a bakin Mambila da Kaka. A wannan yanki ne gonar shayi ta Kakara take. Ƙasar nan ba ta cikin Najeriya lokacin samun 'yancin kai, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo, aka kira yankin da ya shigo Lardin Sardauna, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar ke amsa sunan Sardauna. Na shiga Gembu kafin la'asar, sanyi ya riga ya sauka.

Bayan suna, Yaya ya haɗa ni da wani matashin maƙwabcinsa da ke acaɓa zuwa ƙauyukan bakin iyakar Kamaru. Boxer 150 yake hawa, mai tayoyi masu haƙora da madigadi a ɗage. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Kawu, zagaya ka ji." Na bi wata hanyar jar ƙasa da ruwa ya zaizaye. Gaskiya ɗaya ce, ya fi nawa. Shokozobansa yana da doguwar tafiya kafin ya kai ƙarshe, kujera ta fi faɗi, hawan da nawa zai yi kuka a giya biyu shi yana cinye shi a uku. Amma ya fi nauyi, ya fi tsayi, juya shi a lungun kasuwa da kwalaye a baya zai zama aiki. Matashin ya ce yana shan mai fiye da ƙaramin da ya bari, sai dai a wannan ƙasa ba shi da zaɓi. Ya kuma ce duk ƙarshen damina yake canza man gaba, shi ya sa nasa bai taɓa yin abin da nawa ya yi ba.

Da dare muna jin wuta, Yaya ya tambaye ni inda na tsaya. Na ce masa bambancin da ke tsakanin babur ɗina jiya da yau ya fi bambancin da ke tsakanin nawa yau da na yaron nan. Abin da ya kore ni daga kansa, wato bugun baya da rawar kai, ya tafi a Serti. Abin da ya rage shi ne ƙarancin ƙarfi a hawa, ni kuwa kasuwannina duk a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke. Yaya ya ce makiyayan tudun nan suna da buƙatar irin kayana, in zan riƙa hawowa zan sami ciniki. Na ce ranar da hakan ta tabbata, ranar zan nemi babba, don ba zan ɗora wa ƙaramin inji kwalayen magani in riƙa hawa Biyu da Sisi da shi kowane mako ba.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Birkin waɗannan babura na ganga ne, in ka daɗe kana danne shi sai ya yi zafi ya daina kamawa. Na ga samari suna gangarowa da inji a kashe don tsimin mai, raina ya ɓaci ƙwarai, don wanda ya yi haka ya jefar da abin da zai riƙe shi in birki ya ƙi. Na sa giya biyu na bar inji ya ja ni baya, ina taɓa birki ina saki, har Mayo Selbe. A Serti na biya wajen dattijon na yi masa godiya, ya sake duba wuyan ya ɗan ƙara ɗaure shi, ya nuna mini tsatsar da ta fara cin bututun gaba na hagu, ya ce in ba a canza shi ba kafin damina zai sake yanka robar. A Bali na sayi gejin iska na jefa a jakar kayan aiki.