Yadda muke goge titaniyom da leza a Idu

Kayan da aka buga da firintar ƙarfe ta 3D ba sa fitowa sumul. Garin titaniyom ɗin da ake narkawa, wato Ti-6Al-4V mai kashi 6 na alminiyom da kashi 4 na banadiyom, yakan bar ƙwayoyi manne a jiki, ka shafa ka ji kamar sanfefa. Kaushin kan kai maikron 10 zuwa 15 (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma daga waɗannan 'yan ramuka tsagewa ke farawa in kaya ya daɗe yana shan nauyi. Gyaran wannan shi ne aikinmu a nan Idu, Abuja.

Leza, wato siririn haske mai ƙarfi da muke haska ƙarfen da shi, ba kankarewa take yi ba. Fatar saman kawai take narkawa, tudu ya malala ya cike rami, ya daskare sumul. Kafin nan sai mun feshe kayan da ƙwayoyin gilashi mun wanke da asiton, wato sinadarin wanke maiƙo, domin ko maiƙon yatsa ya rage zai bar tabo. Mukan ɗan faɗaɗa ɗigon hasken, kowane layi ya hau kan na baya, a zagaye na biyu mu juya digiri 90. In an daidaita, kaushi na sauka ƙasa da maikron 1. Gudu ya yi yawa, ƙwayoyin ba za su narke ba. Zafi ya yi yawa, fuskar ta yi kunya-kunya, siririn bango ya lanƙwashe.

Ciwon kanmu shi ne iskar argon. Titaniyom in ya yi zafi zuƙar oksijin yake yi, shi ya sa a rufaffen akwati muke aikin, mu cika shi da argon don ta kori oksijin ɗin. Wasu dillalai su rantse maka argon ɗin da ke tukunyar tsantsa ce, kana kunnawa ƙarfe ya tona asiri: ruwan ƙasa-ƙasa, sai shuɗi, in ya ɓaci ƙwarai ya yi fari-fari, fatar ta zama mai saurin tsagewa. Iskar naitirojin kuwa, duk arharsa, ba ya maye gurbin argon. Haɗewa yake da ƙarfen.

Bayan gogewa kayan na shiga tanderu marar iska, wajen digiri 650 na Celsius, don ya saki matsin cikin ƙarfe da saurin hucewa ya bari. In muka faɗi kuɗin duk wannan aiki, nan ne mai ciniki ke cewa, "Haba Malam, ai wancan mai gogewar rabin kuɗinka ya ce." Wancan da injin wasa yake gogewa, ya cinye kusurwoyi, awo ya tashi.

Ba ko'ina muke taɓawa ba. In kayan dashe ne, wato waɗanda ake sa wa mutum a jiki, ɓangaren da ƙashi zai kama ana so da kaushinsa, sai ku nuna mana shi a zane.