Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gasar Bindigar Ɗuri a Kentaki

Masu bibiyar wannan tarihi, assalamu alaikum. Makon jiya mun rabu a inda na samu gindin zama a shagon sassaƙar ƙarfe da ke bayan garin Louisville na jihar Kentaki a Amurka, har maigidana, dattijon Baturen nan da na ce muku ba ya son yawan magana, ya fara sakar mini makullin shago. Yau zan ba ku labarin yadda ya ja ni cikin harkar da ta cinye mafi yawan ranakun Asabar ɗina na shekaru, wato gasar harbi da bindigar ɗuri.

Tun ranar da na gaya masa cewa kawuna maharbi ne, kuma da adaka yake shiga daji, ya ƙudura sai ya kai ni Friendship. Wani ƙaramin ƙauye ne a kudu maso gabashin jihar Indiyana, amma duk mai son bindigar da ake ɗurawa ta baka a Amurka ya san sunansa. A nan hedikwatar ƙungiyarsu ta ƙasa take, NMLRA, wadda aka kafa a 1933, kuma sau biyu a shekara, watan Yuni da watan Satumba, suke babban taro a filin harbin da suka raɗa wa sunan Walter Cline. Gani ya kori ji. Mutane ne da rigunan fata da dogayen bindigogi masu ƙanƙarar ƙyasta wuta irin na zamanin kakanninsu, farin hayaƙi ya turnuƙe fili, ƙaurin albarushi ya cika hanci, sak irin wanda ke tashi idan 'yan bindigar sarki suka saki wuta ranar hawan sallah. Na ji daɗin wurin ƙwarai. Sai dai a hanyarmu ta dawowa Dattijo ya ce mini bindigar da ya fi ji da ita ba ta da izinin shiga wannan fili, domin a Friendship baƙin albarushi da makamantansa kawai aka yarda da su, ita kuwa tasa albarushi marar hayaƙi take ci.

A nan na fahimci gidan ya rabu biyu. Shi albarushi marar hayaƙi ba sabon abu ba ne, wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da shi tun 1884, kuma shi ne a cikin harsashin kowace bindigar zamani. Amma ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, don haka aka ɗauki shekaru da yawa ba a kusantar da shi ga bindigar ɗuri. Farautar barewa ce ta sauya lamarin. Jihohi da dama sun ware wa masu bindigar ɗuri nasu lokacin farauta, a Indiyana cikin Disamba ne, kuma har zuwa 2016 jihar ba ta barin a harbi barewa da manyan bindigogi masu cin dogon zango. To mafarauci yana son ya kai nesa, doka ta ce sai dai ya ɗura ta baka. A 1985 wani maƙeri mai suna Tony Knight ya fito da bindigar ɗuri ƙirar MK-85, wadda aka mayar da makunnar wutarta daidai bayan albarushi maimakon a gefe. Wajen shekarar 2000 kuma kamfanin Savage ya fitar da bindigar ɗuri ƙirar 10ML, bisa ƙirar wani maƙeri mai suna Henry Ball, wadda aka gina ta musamman don ta jure marar hayaƙi. Da kamfanin ya daina ƙera ta, ƙananan maƙera suka ɗora daga inda ya tsaya, kowa a shagonsa, har suka wuce shi. Mutanen Friendship suna cewa wannan ba bindigar ɗuri ba ce, bindigar zamani ce da ta ɓuya a bayan doka, kuma akwai jihohin da suka goya musu baya, irin su Kolorado da ta hana marar hayaƙi a lokacin farautar ɗuri. Ni dai ina ganin girman kowane ɓangare. Amma a matsayina na mai cin abinci da awon ƙarfe, zuciyata ta fi karkata ga na biyun, don a can ne kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yake fitowa ɓaro-ɓaro a jikin takarda.

Bindigar Dattijo shi ya haɗa ta da hannunsa. Gindin aikinta na bindigar zamani ƙirar Remington 700 ne, ya ɗaura mata bututu mai kauri na ƙarfen da ba ya tsatsa, faɗin raminsa .45 na inci, wato milimita 11 da ɗoriya. An toshe bayan bututun da wata toshiya mai zare wadda ke da ɗan siririn rami, ta nan wuta ke ratsawa ta iske albarushi. A sama akwai madubin hange, a baki kuma an ɗaura wani ƙarfe mai huji-huji da ke rage dukan da take yi wa kafaɗa. Harsashinta yana da nauyin giren 300, kimanin giram 19, kuma yana barin bakinta da gudun da ya kusa ƙafa 3,000 a daƙiƙa ɗaya. Saboda an gina ta a kan gindin bindigar zamani, dokar tarayya ba ta sa ta a sahun tsofaffin bindigogin ɗuri da ake saye ba takarda. Wanda zai saye ta a shago sai ya cike fom an binciki tarihinsa, daidai da mai sayen kowace bindiga.

Daren jajiberin tafiyarmu gasar masu albarushi marar hayaƙi a Kentaki, a shago muka raba dare. Aikin farko shi ne matse harsasai. Irin wannan bindiga ba ta amfani da rigar robar da ake sa wa harsashi a bindigogin ɗuri na kasuwa, jan ƙarfen harsashin ne ke gogar bututu kai tsaye. Don haka sai an tura kowane ɗaya ta cikin wani zoben ƙarfe da ake iya tsuke shi ko a sassauta, har ya zama idan ka sa shi a bakin bindiga zai sauka da matsin hannu biyu, ba da duka ba, ba kuma ya zurare da kansa ba. Dattijo yana juya zoben ɗan ƙanƙani, ya matse guda, ya gwada, ya girgiza kai, ya sake. Aiki na biyu awon albarushi. Ba a ɗibarsa da mudu kamar baƙi, a sikeli ake auna shi, har zuwa kashi ɗaya cikin goma na giren, a zuba kowane awo a 'yar kwalbarsa a rufe. Na zauna ina ɗiga ƙwaya ɗaya-ɗaya kamar mai awon gwal a kasuwa, shi kuma yana duba lambar sikelin ta saman tabarau. Abin da ya faɗa mini a daren shi ne, mai bindigar zamani masana'anta ce ta haɗa masa harsashi, mu kuwa kowane harbi a nan take muke gina shi a cikin bututu, kuma wanda ya iya gina na biyu daidai da na farko shi ke tafiya da kofi.

Filin gasar a wata gona yake cikin tuddan Kentaki. Doguwar rumfa ce da teburan siminti a jere, a gaba an kafa alluna a yadi 100 da 200 da 300, na ƙarshen ya kai mita 274. Tsakaninmu da allunan an caccaka sanduna masu tsumma don nuna iska. Ƙa'idar ita ce kowa ya yi harbi uku a kowace takarda, a auna tazarar ramukan biyu da suka fi nisa da juna, a kuma duba kusancinsu da tsakiya. Yawancin masu gasar manoma ne da makanikai da tsofaffin sojoji. Ni kaɗai ne baƙar fata a rumfar, kuma kafin mu gama sauke kaya wani ya kawo mini abin toshe kunne, wani ya matsa mini da kujera.

Ɗurin kansa ga yadda yake. Ka tsayar da bindiga gindinta a ƙasa, bakinta ya kauce wa fuskarka. Ka sa mazurari, ka juye kwalba ɗaya. Ka ɗora ɗan faifan ulu, ka ɗora harsashi, ka tura da sanda har ka ji ya zauna daram a kan albarushi. Sai ka dubi jikin sandar. Kowa yana da zane ko ɗan salatif da ya naɗa a jikin tasa, wanda idan ɗuri ya yi daidai zai tsaya cif da bakin bututu. Hular da ke tayar da wuta ita ce ta ƙarshe, ba a sa ta sai bindiga ta kwanta a tebur tana kallon allo. Akwai kuma wata doka da ba a rubuta ba amma kowa na kiyaye ta: ba a yi wa mai ɗuri magana, ko gaisuwa ce.

Dalilin dokar na gan shi da idona kafin azahar. A teburin da ke hannun hagunmu akwai wani matashi da sabuwar bindiga, kyakkyawa, da gani ta ci kuɗi. Yana cikin ɗuri wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga, ya yi 'yar magana, ya mayar aljihu. Da ya juyo sai ya ɗauki wata kwalbar ya juye, ya ɗora wani harsashin ya tura. Ya zare sanda bai dube ta ba. Ya kwantar da bindiga, hannunsa ya nufi akwatin hulunan wuta. Dattijo, wanda na ɗauka hankalinsa na kan tsummokin iska, ya miƙe tsam ya ɗaga hannu ya yi kiran a tsagaita wuta da muryar da ban taɓa jin ya yi ba. Rumfa ta yi tsit. Ya taka a hankali ya ce wa yaron, "Ɗana, mayar da sandarka ciki mu gani." Yaron ya zura. Salatif ɗin ya tsaya a sama da bakin bututu da kusan tsawon ɗan yatsa. Ɗuri biyu ne a ciki, ɗaya kan ɗaya. Da ya ja kunama, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne bututu ya kumbura, mafi muni kuma ya tsage a gaban fuskarsa, da mu da ke gefensa. Na ga leɓensa yana rawa. Babu wanda ya yi masa tsawa. Alƙalin fili ya zo suka kwance toshiyar baya, suka zazzage albarushin, suka turo harsasan biyu waje, wani tsoho ya miƙa masa ruwan sanyi, aka ci gaba da gasa. Wayar kuwa a mota ta ƙarasa yinin.

Da na ba Kawu wannan labari ta waya daga baya, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "Ai yaro, mu ma haka muke. Ka zura sanda, abin da ya yi saura a waje ka ɗora yatsu. In ka saba da yatsa uku ka ga ya kai shida, ajiye ta." Na ce, "Kawu, ashe kun riga su." Amma na roƙe shi abu ɗaya, kuma ina roƙon duk maharbin da ke karanta wannan, ko mai ɗan'uwa maharbi. Don Allah kada jin labarin nan ya sa wani ya farke harsashin zamani ya juye albarushinsa a cikin adaka. Bututun da nake ba ku labari ƙarfe ne na musamman mai kauri, da aka ƙera don wannan matsin. Adakar gida, da ma kowace bindigar da aka yi don baƙin albarushi, ba za ta ɗauka ba, fashewa za ta yi a hannun mai ita.

Bayan na yi sallar azahar a inuwar motarmu aka kira layinmu na yadi 300. Rana ta take, kuma zafi abokin gaba ne a wannan harka, domin bututu in ya ɗau zafi harbi yakan fara yawo. Wasu suna zura sandar alminiyon da suka jiƙa a ƙanƙara don su sanyaya shi, Dattijo kuwa agogo yake sawa, ya ce a jira. Ta cikin madubi allon yana rawa saboda kawalwalniya, tana kwarara daga dama zuwa hagu. Ya raɗa mini cewa kada in kori iska, in zaɓi yanayi ɗaya da tsummokin suka fi yawan komawa, in harba a cikinsa kawai. Na kwantar da kumatu a gindin bindiga, na saki rabin numfashi, na matsa kunama a hankali. Ta daki kafaɗata, ƙarar ta ratsa har haƙori, amma babu hayaƙin da ya tare mini gani, ina kallo rami ya bayyana ɗan hagu da tsakiya. Na tashi na yi ɗuri, na dubi sanda, na zauna na jira tsummoki su koma yadda suke. Jiran nan ya fi harbin wuya, ga agogon alƙali yana tafiya. Na biyu ya faɗa kusa da na farko. Kafin na uku iska ta juya gaba ɗaya, na ɗauke yatsa daga kunama na zauna, sai da lokaci ya kusa cika ta dawo, na saki.

Da aka kwaso takardu, alƙali ya ɗora ma'auni a kan tawa, inci uku da 'yan kai. Wanda ya zo na ɗaya, wani manomin waken suya mai kimanin shekara saba'in, ramukansa uku ba su kai inci ɗaya da rabi ba, har biyu sun haɗe. Na faɗo a tsakiyar jeri, Dattijo ya zo na huɗu. Manomin nan ya zo da kansa ya karɓi takardata ya duba, ya nuna mini cewa ramukana a kwance suka bazu ba a tsaye ba, alamar ɗurina ya yi daidai, iska ce ta rage in koya.

Mun tsallako cikin gari da magariba. A bakin shago Dattijo ya shiga ciki ya fito da wani dogon abu naɗe a takarda mai maiƙo, ya ɗora mini a cinya. Sabon bututu ne da ba a yanka masa zare ba. Ya ce ƙarfen kyauta ne, amma aikin ni zan yi da hannuna a kan injinsa bayan an tashi, sauran kayan kuma daga aljihuna. Da na lissafa kuɗin gindi da madubi a hanya, ya haura albashina na wata, ga shi a lokacin muna tara kuɗin kujerar Makka ta Inna. Na shiga gida da bututu a hammata, uwargida ta dube shi ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan kuma na mene ne?" Yadda muka kwashe da ita, da abin da Inna ta ce da maganar ta kai kunnenta, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.