Asabar a Kribi

Bayan sallar asuba muka bar Douala ta hanyar Edéa, ni da Maigida da yara da Inna, wadda ta zo mana ziyara daga Garwa. Babban ruwan da Inna ta sani shi ne Binuwai, shi ma da rani yashi ke cinye rabinsa. Da muka iso Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, ta hango teku, sai ta kama salati, tana tambayar Maigida wai ina ɗaya gaɓar take.

Mun fara tsayawa a bakin kogin Kienké, inda hasumiyar fitilar da Jamusawa suka gina a 1906 take har yau. Nan kusa masunta ke sauke kifi. Da hannunka za ka zaɓi naka, a yi ciniki, ka miƙa wa matan da ke gashi. Mun ci da bobolo, wato curin rogo da ake dafawa cikin ganye, da barkono mai zafin gaske, aka haɗa mana da jatan lande.

Daga nan muka nufi Lobé, kudu da gari kaɗan. Kogi guda ne ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, feshinsa na dukan fuska tun kana cikin kwale-kwale. Inna ta ƙi shiga, ta ce ita da ƙasa ba ta rabuwa. Muka bar ta ƙarƙashin bishiyar kwakwa da carbinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Auta ta yini tana haƙa rami da ɓawon kwakwa, igiyar ruwa ta zo ta cike, ta sake haƙawa tana ƙyalƙyala dariya. Amma ruwan nan ba na sakaci ba ne. Na shiga da zanina iya gwiwa, na ji yadda yake zare yashi daga ƙarƙashin tafin ƙafata in zai koma. Wani dattijon masunci ya ja mana kunne kada yaro ya wuce ƙugu, kuma babba ya tsaya tsakaninsa da zurfi. Inda muka zauna ban ga mai ceto ko ɗaya ba, wannan kam ya dame ni, ga iyalai cike da wurin.

Mun yi la'asar kan tabarma, yashi har cikin kunnen Auta. Gobe in Allah ya kai mu za mu leƙa Londji, ƙauyen masunta da ke arewa da gari, Inna na son busasshen kifi na tsaraba.