Darasin da Garin Kabon Ya Koya Mini

Lokacin da na duƙufa kan nazarin fasa iskar methane (babban sinadarin iskar gas) da fasahar plasma don samar da haidirojin, abin da ya fi zama mini a rai shi ne lissafin nauyi. Idan aka ratsa iskar ta cikin tartsatsin lantarki mai zafin dubban digiri, inda babu oksijin da zai sa ta ƙone, sai ta rabu gida biyu: haidirojin da garin kabon baƙi wuluk. Kilo 4 na methane yana ba da kilo 1 na haidirojin da kilo 3 na kabon. Tsohuwar hanyar haɗa methane da tururi kuwa tana sakin kimanin kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon-dayoksaid a kan kowane kilo na haidirojin, shi ya sa ake ɗokin wannan sabuwar, wadda kabon ɗinta ke fitowa a gari maimakon iska.

Sai dai kashi uku cikin huɗu na abin da na'urar ke fitarwa kabon ne, kuma a ganina shi ne ke yanke hukuncin ko masana'anta za ta ɗore. A ɗakin gwaji mun ga halinsa: yana manne wa bangon tukunyar, yana toshe bututun fita, yana shiga ƙarƙashin farce ya ƙi fita ko da sabulu. Masu yin tayar mota, waɗanda su ne manyan masu sayensa, suna bin diddigin girman ƙwayoyinsa da yadda suke sarƙe da juna, domin a nan ƙarfin roba yake. Kamfanin Kværner na Norway ya buɗe irin wannan masana'anta kusa da Montreal a 1999, amma ba ta yi nisan kwana ba, kuma ingancin kabon na cikin abin da ya kayar da ita. Kamfanin Monolith, wanda ya fara aiki a Hallam ta jihar Nebraska a Amurka a 2020 da ƙarfin samar da tan 14,000 na garin kabon a shekara, ya sa kabon a gaba, har Goodyear ya yi taya da shi.

Akwai kuma iyakar kasuwa. Duniya ta yi amfani da kimanin tan miliyan 95 na haidirojin a 2022. Da ta wannan hanya aka samar da shi duka, da an tara kabon tan miliyan 285, alhali abin da ake saye na wannan gari a shekara bai kai tan miliyan 20 ba. Dalilin ke nan da masu bincike suka karkata ga gwada shi a kwalta, kankare da batir.